Furen Safiya, Duman Kada da Yaryaɗin Turai: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan dangin tsiro guda, masu yaɗo da fure mai siffar mazurari. A cikinsu akwai na ado, akwai abinci, akwai ciyawar da ke kashe gona, akwai kuma mai sa dabba makyarkyata. Furensu ya yi kama da juna ƙwarai, shi ya sa ake ruɗewa. Wanda zai raba su sai ya bar kallon fure ya duba ganye, ya kuma tona ya ga saiwa.

Wata Hajiya daga Mabera a Sakkwato: Malam, ɗana ya kawo mini irin wani fure daga Abuja, shuɗi mai buɗewa da safe. Maƙwabciyata ta ce duman kada ne aka sa a fakiti, in na shuka zai cinye mini gida. Gaskiya ne?

Hajiya, maƙwabciyarki tana da ido, don ta gane dangi, amma ba ta gane ɗan ba. Furen safiya, wato wanda ɗanki ya kawo, da duman kada gidansu ɗaya, wanda masana tsirrai ke kira Ipomoea. Dankalin Hausa da muke dafawa ma ɗan gidan ne, in kika lura da furensa a gona za ki ga mazurarin nan.

Na adon da ake sayarwa a fakiti yawanci iri uku ne. Ipomoea purpurea mai launin shunayya ko ruwan hoda, da Ipomoea tricolor mai shuɗi garau, dukansu asalinsu Meziko da tsakiyar Amurka. Na ukun, Ipomoea nil, shi ne wanda mutanen Japan suka shahara da renonsa. A yadda ake shuka su, rayuwarsu ta kaka ɗaya ce: su tsiro, su hau, su yi fure, su zubar da iri, su bushe. Saiwarsu ba ta da zurfi, da hannu ɗaya za ki tuge. Ganyen yana da faɗi da laushi, mai siffar zuciya, wani kuma ya rabu gida uku.

Duman kada kuwa, wato Ipomoea asarifolia, ba ruwansa da hawa danga. Ƙasa yake bi, yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa, ganyensa kewayayye ne mai kauri da santsi, kuma shekara da shekaru yake yi a wuri ɗaya. Shi ne kike gani shimfiɗe a bakin gulbin Rima da gefen kwalbatoci, kore shar ko da tsakiyar rani.

Ki shuka abinki. Abin da za ki kula da shi kawai shi ne irin da yake zubarwa, don yana tsirowa da kansa damina mai zuwa. Wanda ba ki so ki cire shi yana ɗan ganye biyu.

Wani manomin rani daga Goronyo: Ina noman albasa da alkama. Bara wata siririyar ciyawa ta fito mini a fangali biyu, tana nannaɗe amfani, furenta ƙanana farare. Na nome ta ta dawo, na sake nomewa ta dawo. Bana ta ƙara faɗi. Mece ce, kuma yaya zan yi da ita?

Alhaji, tambayarka ita ce mafi nauyi a cikin duka, don haka zan daɗe a kanta.

Abu biyu ne ake zargi. Ko dai yaryaɗin da muka saba da shi ne, wanda ke fitowa daga iri kowace shekara, ko kuma yaryaɗin Turai ne, Convolvulus arvensis, wanda asalinsa Turai da Asiya, ya bi irin hatsi ya watsu a duniya. Na farko wahalarsa kaɗan ce. Na biyu yana cikin ciyayin da manoman alkama suka fi tsoro a ƙasashe da yawa. Yadda ka ce yana dawowa a wuri guda bayan noma, yana kuma ƙara faɗi, shi ya sa nake so ka bincika da kyau.

Ka fara da ganye. Na yaryaɗin Turai ƙarami ne, tsawonsa santimita 2 zuwa 5, mai siffar kan kibiya, da kunnuwa biyu masu tsini a gindi. Furensa bai fi faɗin santimita 2 da ɗan wani abu ba, fari ko mai ɗan ruwan hoda, alhali na furen safiya yakan kai santimita 5 zuwa 8, wani ma ya wuce. A jikin sandar furen, can ƙasa da shi kaɗan, akwai wasu ƙananan ganyayyaki biyu suna fuskantar juna. In kana da ido mai kyau ka tsaga furen ka dubi zaren da ke tsakiya: na yaryaɗin Turai ya rabu biyu a baki, sirara, na dangin Ipomoea kuwa kansa dunƙulalle ne.

Amma shaidar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin ƙasa. Ka ɗauki shebur ka haƙa kamu biyu. Idan saiwa ɗaya ce siririya ta fito gaba ɗaya, yaryaɗin gida ne, noma a kan lokaci kafin ya yi iri ya ishe shi. Idan kuwa ka ga fararen jijiyoyi masu saurin karyewa, wasu sun miƙe gefe suna fitar da sababbin tsiro, wasu sun nutse ba ka ga ƙarshensu ba, to ka gamu da shi. Saiwarsa takan nutsa mita uku zuwa shida a ƙasa mai zurfi. A can take ajiye abinci, shi ya sa sare kan ba ya kashe ta. Gutsuren da bai wuce santimita 5 ba yana iya zama sabon tsiro, irinsa kuma yakan yi fiye da shekara ashirin a ƙasa bai mutu ba.

Saboda haka kada ka shigar da garmar shanu ko haron tarakta cikin wurin ka wuce da su sauran gona. Yin haka shuka shi ne da hannunka. Ka kafa turaku ka keɓe fangalin biyu, ka riƙa gama aikin sauran gona kafin ka shiga cikinsu, in ka fito ka kakkaɓe fartanya. Ka kuma lura da hanyar ruwa, kada ruwan da ya ratsa su ya gangara wa maƙwabta da iri.

Yaƙin na yunwa ne. Duk lokacin da saiwar ta turo sabon tsiro, daga rumbunta take ci, kuma sai ganyen ya yi kamar mako biyu a rana kafin ya fara mayar mata da abinci. To ka riƙa sare shi ƙasa-ƙasa duk bayan mako biyu zuwa uku, ba fashi. In ka bari ya yi wata biyu ka koma baya. Aikin yakan ci shekara biyu ko uku, ina faɗa maka tun yanzu don kada ka karaya a tsakiya. Abin da ka tono ka shanya a kan dandamali ya bushe ƙarau ka ƙone, kada ka jefa a juji.

Inuwa ma makami ce, don ba ya jure ta. Da damina ka cika wurin da dawa a matse. Albasa ba ta da ganyen da za ta rufe shi, saboda haka ka ɗauke ta daga fangalin nan har sai ka ci ƙarfinsa.

In za ka yi feshi, maganin kashe ciyawa mai suna gilayifoset ya fi aiki a kansa lokacin da yake da lafiya ya fara fure, bayan an kwashe amfani, domin a lokacin ne yake saukar da abinci zuwa saiwa, maganin ya bi. Feshi ɗaya ba ya gamawa da shi. A cikin alkama ana amfani da wani maganin ciyawa mai suna 2,4-D, amma wannan magani ko iskarsa ta taɓa tumatir, wake ko albasar maƙwabcinka za ka ga ɓarna. Ka bi abin da ke rubuce a jikin kwalba, ka rufe hanci da hannu, kuma kafin ka sayi komai ka tuge tsiro ɗaya da ganye da fure da saiwa ka kai wa malamin gona na yankinku ya gani da idonsa. Ka kuma tuna inda ka sayi irin alkamar bara, don ta cikin iri marar tsabta ya fi shiga gona.

Wani matashi daga Arkilla: Ina so ya rufe mini rumfar ƙofar gida. Yaushe zan shuka, kuma yaya?

Ƙanena, lokacin da ya fi sauƙi shi ne in ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ta ishe shi, don a cikin kimanin wata biyu yake fara fure. In kana da ruwan ban ruwa kana iya sake shukawa a Oktoba. Abin da ban ba ka shawara ba shi ne Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: tsiron zai sha wuya, furen da ya buɗe kuma kafin hantsi ya yanƙwane.

Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri. Ka ɗan goga bayanta a jikin siminti ko ka ɗan ɓantare ta da abin yanke farce, kaɗan dai, har ka hango fari. Ka jiƙa ta kwana ɗaya, da safe za ka ga ta kumbura. Sai ka shuka zurfin gaɓar yatsa, ƙwaya biyu a rami, tazarar kamu ɗaya da rabi. Cikin mako guda za ka ga ganye biyu na farko, kowane da tsaga a tsakiya. Ka shuka a inda zai zauna, don ba ya son dashe.

Wurin ya zama mai samun ranar safe, a kuma samu katanga ko itace da zai tare masa ranar azahar. Littattafan Turawa za su ce maka a ba shi rana wuni guda. Ranarsu daban, ta Sakkwato daban. Bangon da ke kallon gabas shi ne zaɓina.

Ba ya manne wa bango, nannaɗewa yake yi, saboda haka sai ka ba shi abu siriri. Igiya ta fi waya, don waya tana ɗaukar zafi ta ƙona kan yaɗon. Karan dawa ma yana yi in gara ta bar shi. Ka ɗaura igiyoyin tun ranar shuka, daga turke a ƙasa zuwa saman rumfa. In tsiron ya yi ganye biyar ko shida ka tsinke kansa, zai yi rassa ya cika wurin maimakon ya tafi sama shi kaɗai. Yakan kai mita biyu zuwa uku.

In a tukunya ne, babba za ka samu mai huda a gindi, ka haɗa yashi da ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba sanyaya saiwa.

Da rani ka riƙa juya ganye kana dubawa. In ka ga ya yi ɗige-ɗigen fari da ɗan yanar gizo a bayansa, ƙananan jajayen ƙwari ne masu son ƙura da bushewa. Ka wanke bayan ganyen da ruwa da yamma. Darɓa kuma ruwan sabulu marar ƙarfi ko ruwan 'ya'yan dogonyaro yana rage ta. Wanda ke noman dankali kuwa kada ya shuka furen nan kusa da gonarsa, kuma ya share duman kada a gefenta, domin ƙwaron da ke huda dankali yana iya fakewa a jikin 'yan uwansa har shuka ta gaba.

Wata malamar makaranta daga Runjin Sambo: Nawa ya yi ganye har ya rufe taga, amma fure ko ɗaya babu.

Malama, kin ƙosar da shi ne. In taki ya yi yawa, musamman yuriya ko kashin kaji, ganye yake yi ya manta da fure. Ki daina sa taki, ki rage ruwa har sai saman ƙasa ya bushe kafin ki ƙara.

Sai ki duba ko akwai ƙwan lantarki ko fitilar sola a kansa da dare. Wannan tsiro da tsawon duhu yake gane lokacin fure ya yi, hasken dare kuma yana rikita masa lissafi. Wannan hali nasa sananne ne, har masana suna gwajin tasirin tsawon dare a kan Ipomoea nil. Shi ne kuma dalilin da wanda aka shuka da hunturu, lokacin da dare ya fi tsawo, yake yin fure tun yana gajere.

Wani makiyayi daga Kware: Tumakina sun ci duman kada da rani, biyu suna rawar jiki suna tangaɗi. Shin furen gidan ma haka yake?

Baba, Allah ya sawwaƙe. Duman kada yana sa tumaki da awaki da shanu makyarkyata, kai yana kaɗawa, tafiya ta rikice. Dabba ba ta cika son sa ba, yunwar rani ce ke tura ta, don shi ke nan kore lokacin da komai ya bushe. Ka janye su daga wurin yau ɗin nan, ka ɗaure su a inuwa, ka ba su harawa da dusa da ruwa, kada a kora su da gudu don firgita tana ƙara rawar. Da yawa sukan warware in an raba su da ciyawar, amma ka kira likitan dabbobi ya duba, saboda akwai cututtukan da ke kama da wannan.

Akwai wani ɗan uwansa da ya fi shi sharri, Ipomoea carnea. Shi a tsaye yake fita, ya fi mutum tsawo, karansa da rami a ciki, furensa manya masu ruwan hoda, mutane suna dasa shi a matsayin shinge saboda saurin kamawa. Akuyar da ta saba cinsa takan dinga nemansa, gubarsa kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa, in abin ya daɗe ba ta komawa daidai. A ƙasar da jar akuya take dukiya, ba na son ganin wannan shinge kusa da garke.

Furen gida kuwa haɗarinsa ya fi yawa a ƙwayar iri. Tana sa gudawa da amai, wasu nau'o'in suna juya hankali, na fakiti kuma sau da yawa an shafa masa maganin ƙwari. A ɓoye shi daga yara, a kuma kare shukar daga awaki.

Wata ɗaliba daga Gawon Nama: Ina zanen furanni da fentin ruwa, ina kuma fitar da zane don ɗinkin zanen gado. Duk lokacin da na zana furen safiya sai ya fito kamar faranti. Ina kuskuren yake?

Ɗiyata, na ji daɗin wannan tambaya, don mai zane da manomi ido ɗaya suke buƙata. Kuma kin zaɓi fanni mai kwanciyar hankali, tunda jumhurin malamai ba su ga laifi a zanen itatuwa da furanni ba.

Ya fito faranti ne saboda kin zana bakin kin bar maƙogwaron. Furen mazurari ne. Ki fara da fensir, ki ja da'ira, in furen yana kallon gefe ki matse ta ta zama kamar ƙwai. Ramin tsakiya kada ki sa shi daidai cibiya, ki ɗan kautar da shi zuwa ɓangaren da bututun ya nufa, sannan ki nuna bututun yana fitowa ta baya har ya shiga ɗan koren kofinsa. Daga ramin ki ja layi biyar zuwa baki. Waɗannan su ne tauraron da ke jikin kowane fure, sawun naɗin da ya yi tun yana toho, kuma su ke nuna wa ido cewa abin yana da zurfi. Ki lanƙwasa su, kada su miƙe sambal.

Wajen fenti, maƙogwaron fari ne da ɗan rawaya can ciki. Farin takardarki shi ne farin, kada ki shafa masa komai. Ki jiƙa furen da ruwa zalla, ki sa shuɗi daga baki, ki ja shi ciki yana dusashewa. Da hunturu takarda tana bushewa kafin ki ɗago burushi, saboda haka ki haɗa launinki ya wadata tun farko, ki yi fure ɗaya ɗaya, a cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa.

Launin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tohon shuɗin nan ja-ja ne mai shunayya. Yayin da yake buɗewa tsamin ruwan da ke cikin fatar furen yana raguwa, a ma'aunin masana na pH, wanda lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, daga kimanin 6.6 zuwa 7.7, sai launin ya juye shuɗi. In ya fara yanƙwanewa ya sake komawa shunayya. Kina iya gwadawa: ki murje fure a ruwa kaɗan, ki raba biyu, ki ɗiga lemun tsami a ɗaya, ruwan kanwa a ɗayan, ki ga yadda za su rabu. Don haka in kina son zanenki ya yi rai ki sa ukun a reshe guda: toho a murɗe, buɗaɗɗen fure, da na jiya da ya naɗe bakinsa ciki.

Abu biyu da masu zane ke yawan kuskurewa. Ganyen ɗaya ɗaya yake fita, wannan gefe sannan wancan, ba biyu a gaɓa ɗaya ba. Yaɗon kuma hanya ɗaya yake nannaɗewa kullum: in kina kallon igiya a tsaye, ɓangaren da ke gabanki yana tashi daga hagu ƙasa zuwa dama sama. Ba shi da 'yan zaren kamawa irin na kabewa ko duma, kada ki ƙara masa.

Mutanen Japan sun daɗe da wannan fure. Daga Sin ya je musu fiye da shekara dubu da suka wuce a matsayin magani, daga baya ya zama abin ado da zane, har yau kuma ana cin kasuwarsa a unguwar Iriya ta Tokyo kowane watan Yuli. In kika duba zanensu za ki ga ba sa cika takarda, reshe ɗaya ne da fure biyu ko uku. Wannan zai yi miki amfani a ɗinki, inda zare kala uku ya isa: shuɗi mai duhu a baki, mai haske a tsakiya, fari a maƙogwaro.

Kada ki tsinko furen ki kai ɗaki, ba ya jimawa a hannu. Ki ɗauki kujera ki zauna gabansa bayan sallar asuba, da gari ya waye, kina da kamar awa biyu zuwa uku kafin rana ta taɓa shi. Ki ɗauki hotonsa a waya saboda siffa, amma launin ki haɗa shi a wurin kina kallon furen, domin kyamarar waya takan canza shuɗi da shunayya. In kuma kina son irin baɗi, ki bar wasu furanni su yi 'ya'ya, ki jira kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ki murje ki fitar da baƙaƙen ƙwayoyi huɗu zuwa shida da ke ciki, ki zuba a ambulan ki rubuta launin a bayansa.